Matattun Kwarin Goriba

Da sunan Allah nake fara wannan babi, Shi da ya san yawan bayinSa ba sai ya aiko mai ƙidaya ba. Na gaji da maganar nan da kuke yi ƙasa-ƙasa in kun ɗauka barci nake, wai sakacina ne ya sa kuka tashi a Jidda ba ku da takarda, kuna ɓuya kamar marasa gaskiya. Ban ce ba ku da hujja ba. Wanda ya yi ƙuruciyarsa yana leƙen bakin titi kafin ya fita sayen burodi dole ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, ni ne kuwa mafi kusa da hannu. Amma rabin zancen kuka sani, ni kuma ƙarfin gardama ya ƙare mini. Zan rubuta shi sau ɗaya in huta, wanda ya ga dama ya yarda.

Sai na fara gaya muku inda muka fito, don ba za ku gane abin da ya faru ba in ba ku san ƙasar ba. Sunan kantonmu Kwarin Goriba. Kanton shi ne yankin da sarki ɗaya yake riƙe da shi a ƙarƙashin Nasaran Faransa, namu kuwa yana arewa da iyakar Katsina. Ƙasa ce doguwa marar faɗi, don wani tsohon gulbi ta bi, wanda ya daina gudu tun kafin kakanninmu. A cikin kwarin ruwa kusa yake, ka ɗan tona ka sha, nan ake rogo da albasa, nan goriba take har ido ya gaji. In ka hau tudu kuwa sai jigawa, ba abin da take yi sai gero da wake, rijiya kuma sai an haɗa igiya da igiya kafin guga ya jiƙe. Garinmu Maigawo a tudun yake, ku kuma ƙiyasta irin arzikinmu. Mu Hausawa manoma mu ne masu yawa. Fulani kan sauka bayan girbi, su ba mu taki mu ba su kara, Buzaye kuma kan ratsa da raƙuman kanwa su wuce. Mulkin wurin kamar tsani yake: mai gida a ƙarƙashin mai gari, mai gari a ƙarƙashin sarkin kanton, sarki a ƙarƙashin kumandan da ke bariki, wanda ba ya jin Hausa, mu ba ma jin Faransanci, sai abin da tafinta ya ga dama ya juya. Abu ɗaya ne kuwa ke hawa da sauka a kan tsanin nan, shi ne lanho, harajin da ake ɗora wa kowane kai. Duk mutumin da aka ƙidaya a gida, mai gida ne zai biya masa, yana nan ko ya yi tafiya, har sai an tabbatar ƙasa ta rufe shi.

Ni ban damu da wannan ba sa'ad da na bar gida, don ba ni ne mai gida ba. Wana Nomau ne ke riƙe da mu tun rasuwar mahaifinmu Gado, ga Inna a tsakar gida, ni kuwa saurayi ne sabon ango da Makka ta shiga masa rai. Na ɗauki mahaifiyarku Tsahara muka yi gabas da ƙafa, kamar yadda ake yi a lokacin. Mun tsinci auduga a Sudan har bayanmu ya ƙage, mun ƙetare teku a jirgin da ba na son tunawa, muka sauke farali. Daga nan sai neman guzurin komawa, wanda har yau ana nemansa. Muka fara zama a unguwar Ruwais a nan Jidda, daga baya muka koma unguwar Karantina, ɗakin katako da gwangwani wanda in rana ta take sai ka ji kamar ana toya ka. Na shiga ga-ruwa, garwa biyu a sanda, ina hawa benen mutane ina saukowa. Aka haifi yayanku Yusufu tun muna Ruwais, ku kuma kuka biyo baya. Ba wanda ke tambayar takarda a shekarun nan. Kai Takari ne, kamar yadda suke kiran mutanenmu a nan, shi ke nan, ka yi aikinka ka ci abincinka.

Sai duniya ta juya. Muka ji an ce Nasara sun tafi, ƙasarmu ta zama Nijar, tana da tutarta. Jidda ma ta fara kumbura, ana yanka tituna, aka fara cewa duk baƙo sai da iƙama, wato takardar izinin zama. Iƙama ba ta samuwa sai da fasfo, fasfo kuwa sai wanda yake da ƙasa. Yusufu ya isa saurayi, hannunsa na da kyau a gyaran mota, wani mai gareji ya ce zai tsaya masa kafili, wato ubangidan da zai lamunce shi wurin hukuma, in ya kawo fasfo. A wannan shekara na yi abin da kuke cewa ban taɓa yi ba. Da alhazai suka fara sauka na je masaukinsu na nemi wakilin sabuwar gwamnati da ke rako su. Yaro ne mai ladabi, yana magana Faransanci na faɗo masa cikin Hausa kamar tsakuwa a shinkafa. Ya ce abin mai sauƙi ne, sarkin kantonmu kawai zai shaida cewa ni talakansa ne, sai a yi mini fasfo da ni da iyalina. Ya ƙara da cewa na yi goshi, don Sarkin Kwarin Goriba da kansa yana cikin alhazan bana. Wallahi na dawo gida ranar ban ji nauyin ƙafata ba.

Na sami sarki a masauki cikin jama'a, na faɗi na yi gaisuwa, na ce ni mutumin ƙasarsa ne mazaunin nan, ina roƙon ya taka gidana bayan an sauko daga Arfa. Ya amsa. Tsahara ta nemo gero wurin Yamanawa ta daka da hannunta, ta yi fura da tuwo miyar kuka, ta ara darduma a maƙwabta. Ya zo bayan la'asar, tsoho dogo, ya rame da aikin hajji, gumi ya jiƙa masa rawani. Ya sha furar nan ya lumshe ido ya ce tun da ya bar gida sai yau ya ci abinci. Na bari sai da ya wanke hannu, sannan na gabatar da kaina sosai, na ce ni ne Illa ɗan Gado na Maigawo, ƙanen Nomau, na kuma faɗi buƙatata. Ya ƙare wa tsagar fuskata kallo.

"Illa na Gado ya mutu," in ji shi. "Shi da matarshi. A bakin Cadi anka ce, zazzaɓi ya kashe su. Ni na aika da wakili wurin sadakar bakwai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ni kuwa zaune gabanka."

"Na gan ka. Ai kamarku ɗaya da Gado. Amma ka mutu, yaro."

Tsahara tana bayan labule, sai na ji ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. Sarki ya gyara zama ya ba mu labarin, a hankali, kamar mai ba da labarin wasu mutane can. Bayan tafiyarmu an yi fara, shekara ta biye kuma ruwa ya ɗauke da wuri, tudu bai ga gero ba. Amma lanho bai san fari ba. Gardawan bariki, wato dogaran Nasara, suka zo Maigawo, duk mai gidan da ya kasa biya aka ɗaure shi a rana a bakin rijiya, mata da yara na kallo. Nomau na cikinsu, kuma cikin kawunan da ake binsa har da nawa da na Tsahara, mu da muke can muna tsintar audugar wasu. A nan ne mutanen gari suka koma ga dabarar da kowa ya sani a kanton amma ba a faɗinta: wanda ya yi nisa, a kashe shi. A samo matafiyi ya kawo labarin rasuwa, a yi kuka, a yi sadaka, mai gida ya dafa Alƙur'ani gaban sarki da tafinta, sai a sauke wannan kai daga wuyansa.

"Nomau ƙi ya yi," in ji sarki. "Yana ɗaure yana cewa ba ya kashe ƙanenshi da bakinshi. Uwarku ce ta tahi har inda yake, ta ce mishi, wanda ke hanyar Makka a hannun Allah yake, ba ya bukatar sunanshi a bariki, ka kashe na nesa na kusa su rayu. Ita ta fara kukan, sannan mata sunka kama."

Na tambaye shi ko Inna na nan. Ya ce ta rasu damina biyu da suka wuce, tata mutuwar kuwa ta gaske ce. A zama ɗaya na ji mutuwata na ji ta uwata, kuma ban san wadda zan fara yi wa kuka ba. Tsahara ce ta yi ƙarfin hali, ta yi magana daga bayan labulen, ta ce to ai Nasara sun tafi, sai a tashe mu. Sarki ya girgiza kai. Ya ce Nasara sun tafi amma tsanin na nan, wanda ke samansa kawai aka sake. Yanzu wani yaro ɗan boko ke zaune a bariki, yana neman dalilin da zai raba kanton biyu ya tuɓe masu rawani. Duk shaidar da sarki ya bayar gabansa za ta bi, kuma dole ya tambayi yadda mamaci ya tashi a Jidda da 'ya'ya. Nomau kuwa yanzu shi ne mai garin Maigawo, kuma rantsuwarsa a bainar jama'a ya yi ta.

"In anka tono naka, ba a tsayawa nan," in ji shi. "Babu gida a Maigawo da ba shi da irinka. Rabin matattunmu suna Kano suna sai da goro, wasu suna Sudan. Nomau zai rasa gari, ya kwana gidan kaso da hurhurarshi, sauran masu gida su bi bayanshi. Ni ma ban tsira ba, amma ni na tsufa, kada ka duba ni. Daga Arfa na sauko, ba ni yi maka ƙarya, ba ni kuma hana ka hakkinka. In ka ce in shaida, in shaida. Kana da lokaci har ranar da jirginmu zai tashi."

Da ma ya hana ni, da na samu wanda zan zaga har in mutu. Amma ya ajiye mini kayan a gabana ya tafi. Kwanakin da suka biyo baya gidan nan bai zaunu ba. Ku ƙanana ne, wataƙila abin da kuke tunawa kawai shi ne tuwo na ƙonewa. Mahaifiyarku mace ce da ba ta ɓoye abin da ke ranta, Allah ya jiƙanta, kuma ba ta raga mini ba ko kaɗan.

"Alhaji, ni dai ban mutu ba," in ji ta. "Wa ya tambaye ni kafin a yi mini sadaka? Su sun ci gero da mutuwarmu, sun ƙoshi, sun yi sarauta. Yanzu 'ya'yana ne za su biya?"

Na ce mata hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce to 'ya'yan nan ƙafa ne da za a yanke su? Yusufu ma, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya tsaya a bakin ƙofa da baƙin mai a hannunsa.

"Yaba, ni ina ruwana da wani Nomau? Wallahi ko fuskarsa ban sani ba. Halas, zance ya ƙare, ka karɓo takardar kawai, mai gareji ba zai jira ni har abada ba."

Gaskiya suka faɗa, dukansu. Amma ni in na rufe ido Nomau nake gani ɗaure a bakin rijiyar da na sani, saboda kaina da na ɗauke na tafi da shi ban waiwaya ba. Shi ya ɗauki rantsuwar ƙarya a wuyansa zai je da ita gaban Allah, don gidanmu ya ga wata damina. In na tashi daga matattu, na mayar da shi rana ke nan karo na biyu, shi da duk tsofaffin garin, kuma na ƙaryata kukan da uwata ta fara. Maƙwabta suka ba ni wata shawara, suka ce in je wurin wakilan Nijeriya in rantse ni Bakano ne, wasu sun yi haka sun dace. Na ce rantsuwar ƙarya ɗaya ta ishi gida ɗaya. Da Tsahara ta ji wannan sai ta ajiye muciya ta dube ni.

"To madalla. Ƙaryar yayanka ta kashe mu, gaskiyarka ta binne mu."

Ranar da sarki da alhazansa za su tashi na je masauki. An ɗaure kaya, ko'ina jarkokin zamzam da buhunan dabino, sarki na zaune kan akwatinsa yana jan carbi. Na durƙusa na ce, ranka ya daɗe, a bar mu yadda muke. Bai yi mini godiya ba, bai kuma ce na yi daidai ba. Na roƙe shi ya gaishe mini da Nomau. Ya ce mamaci ba ya aike, amma zai raɗa masa a kunne in sun keɓe. Da na miƙe zan tafi sai ya riƙe hannuna.

"To, Allah ya jiƙanka, Illa."

Na ce amin. Ba wanda ya yi dariya a cikinmu.

Abin da ya biyo baya kun san shi, a jikinku ya faru. Mai gareji ya ɗauki wani. Yusufu ya koma bin ƙananan wuraren gyara can wajen Khumra a bayan gari, inda ba a tambayar kowa komai kuma ba a biyan kowa da kyau. Ku kuka tashi kuna sanin kowane lungu na Karantina da ake ɓacewa a cikinsa. Bayan wasu shekaru aka yi kame da rana tsaka, aka sami Yusufu a ƙarƙashin mota da sifana a hannu. Da aka tambaye shi ƙasarsa ya faɗi abin da ya ji a bakina, aka haɗa shi da waɗanda za a mayar Nijar, yaron da aka haifa a Ruwais, wanda Hausarsa ma rabi Larabci ce. Mahaifiyarku ta daina yi mini magana in ba ta kama dole ba. Tana kawo mini abinci, tana wanke mini kaya, amma hira ta ƙare a tsakaninmu, kuma haka muka zauna har ciwon da ya ɗauke ta. Ba ta sake ganin Yusufu ba. Na gaji a shekarun nan irin gajiyar da barci ba ya maganinta, kuma ban tabbata ta sake ni ba har yau.

Daga bakin alhazai muka riƙa tsintar labarinsa. Ashe sunayen da nake yawan ambata suna gundurarku, Maigawo, Kwarin Goriba, gidan Gado, su ya bi har ya isa. Nomau ya gan shi ya gane jininsa tun kafin ya buɗe baki. Amma ba shi da halin cewa ga ɗan ƙanena, don ƙanen ya mutu a bakin Cadi shekaru kafin a haifi yaron. Sai ya sauke shi a matsayin baƙo, ya ba shi ɗaki, ya ba shi gona a kwari inda ƙasa ta fi kyau. Da aka zo wata ƙidaya ya ce ɗansa ne da ya haifa a wata tafiya, aka ƙidaya shi cikin 'ya'yansa. Ya yi masa aure. Abin da na kasa ba shi a nan, Nomau ya ba shi a can, har da fasfo. Na yi murna, kada ku ce ban yi ba. Sai dai na gane cewa yanzu ba rawanin Nomau kaɗai ke tsaye a kan mutuwata ba, har da takardar ɗana.

Yusufu ya zo hajji daga baya, cikin alhazan kantonmu. Aka aiko mini, na sa rigata mafi kyau na tafi masauki tun da hantsi. Jagoransu na tsaye yana kiran suna don a hau motar Makka, ni kuma ina kutsawa cikin mutane ina duba fuskoki. Sai na ji an kira Isuhu Nomau, yadda mutanen can ke faɗin Yusufu, wani magidanci mai gemu ya amsa da na'am, ba ko jinkiri, kamar da sunan aka yanka masa rago. Ya juyo muka haɗa ido. Ya zo ya durƙusa ya kama hannuna da hannu biyu. Abokan tafiyarsa suka matso, mutanen Maigawo ne da na kwari, har da magatakardan kanton, suna tambayarsa wane ne wannan tsoho. Ya ɗago ya dube ni, na ga roƙon da ke cikin idonsa, na ɗan gyaɗa masa kai.

"Wani dattijo ne na wajenmu da ya daɗe a nan," in ji shi. "Ya san mahaifina."

Na ce ƙwarai kuwa, na san Nomau, tare muka tashi. Sannan na ɗauki jakarsa na bi bayansu har bakin mota.